Tsohon katin gidan waya na Hollywood

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu tsohon katin gidan waya mai hoton tudun Los Angeles da babban rubutun "Hollywoodland". Ta yaya zan gane shekarunsa?

Dattijo: Wa alaikumus salam. An kafa rubutun a 1923 domin tallar filaye, aka cire "land" a 1949, saboda haka an ɗauki hoton ne tsakanin nan.

'Yar_Zazzau: Malam, ka shafa takardar. Idan tana da kaushi kamar yadi kuma launukan sun yi kauri, mai yiwuwa bugun kamfanin Curt Teich na Chicago ne, na shekarun 1930 da 1940. Abin takaici, irin waɗannan katuna sun fi nuna ƙofar kamfanin fina-finai na Paramount da gidajen taurarin fim, da wuya ka ga ma'aikatan bayan fage.