Abin da iyaye suka tattauna kan yaro mai galahanga

Wata uwa ce ta buɗe zancen galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ɗanta ya cika shekara biyu, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, sai ya wuni yana jera murafen kwalba, kuma da an kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne yana kuka. Dangin miji sun ce a bari, bakinsa ne bai buɗe ba.

Kusan kowa ya ce mata kada ta jira. A fara gwada jinsa, domin kurma ma ba ya amsa kira. Daga nan sai likitan yara, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Babu gwajin jini da ke nuna galahanga. Likita yana duba halin yaro ne, yana tambayar iyaye. Shi ya sa wata ta ce a ɗauki bidiyonsa a waya, tunda a gaban likita yaro kan daskare. Wannan shawarar ta fi kwanta mini.

An daɗe a kan maganar aljanu. Waɗanda suka daɗe a cikin lamarin sun ce a yi addu'a, amma ban da ɗauri, duka ko hayaƙi. Rigakafi ba ya jawo galahanga, kuma duk mai tallan maganin warkewa kuɗi yake nema.

A gida kuwa, gajerun kalmomi, hoton kofi idan yana son ruwa, lokacin barci ɗaya kullum. Uwar ma a karɓe ta wani yini ta huta.