Daren kallon taurari a Kufena: a ba mu shawara

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da yarana suka ji cewa masu duban wata kan yi amfani da madubin hangen nesa, suka hana ni sakat. Mun yi magana da wasu iyaye, muna son mu shirya musu daren kallon sama a gindin dutsen Kufena, kowa ya zo da nasa. Wa ya san kan abin? Wane lokaci ya fi, kuma me za mu tanada?

Malamin Fiziks, Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri, na daɗe ina fatan wani ya taso da wannan. Ina da ƙaramin madubi, zan kawo. Amma a fara tsayar da lokaci kafin komai. A nan Zariya babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ya wanke sama tas, hazo bai sauko ba tukuna. Da hunturu ya kankama, ƙura ke cinye ƙananan taurari, sai manyan kawai.

Ɗan Wusasa: Gaskiyar Malam ne. Kuma kada a kuskura a sa daren sha huɗu ga wata. Ni na taɓa yi, na aro madubi na tara ƙannena, wai farin wata ya fi kyau. Da muka leƙa sai wani fari fat mai kashe ido, kamar faranti, ba rami ba tudu. Yaran suka watse ransu a ɓace, abin ya dame ni ƙwarai.

Malamin Fiziks, Samaru: Haka yake, ƙanena. Ramukan wata inuwa ce ke fito da su. Idan wata ya kwana shida ko bakwai, hasken rana na bugunsa daga gefe, sai ka ga bakin kowane rami da inuwarsa a kan layin da ya raba haske da duhu. Wallahi duk yaron da ya ga wannan, shiru yake yi na ɗan lokaci kafin ya ce a bar shi ya ƙara. Ga shi kuma a ranakun nan da magariba wata yana sama, ba sai an kai dare ba.

Kakan Yara, Ƙofar Doka: Malam, ni ina da ja. Idan wata na haskawa, yaushe za su ga Kaza da 'Ya'yanta sosai? Mu a tsakar gida kakarmu ta nuna mana su, da Zara matar wata, da Gamzaki na asuba. Kada a kawo ƙarfe a manta da sunayen nan.

Malamin Fiziks, Samaru: Baba, ka kawo magana. To a sa huɗu ko biyar ga wata: a fara da shi bayan magariba, kafin ƙarfe goma ya yi ƙasa, duhu ya samu. Kaza kuwa a Nuwamba tana fitowa ta gabas da farkon dare. Ido na ƙirga shida ko bakwai, amma madubi mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, zai nuna gommai. Kai za ka faɗi sunayen, ni in saita. Kuma in Zara na nan, za ka ga ita ma tana cika tana raguwa kamar mijinta. Ita ce dai Gamzaki in ta koma fitowa da asuba.

Kakan Yara, Ƙofar Doka: Ikon Allah. Wannan sai na gani da idona.

Ɗalibar Kongo: Ku sauke manhajar Stellarium a waya, za ta nuna ko duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) suna sama a daren, don wurinsu na canjawa kowace shekara. Mushtari ko da ƙaramin madubi ana ganin manyan watanninsa huɗu a jere, waɗanda masanin taurari Galileo ya gano a 1610. Sannan a ɗaura jar leda a bakin tocila. Ido na ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya saba da duhu, farar fitila ɗaya ta isa ta ɓata shi.

Ɗan Wusasa: Hajiya, kada a hau dutsen da yara cikin dare, gindinsa ya wadatar, a juya wa fitilun gari baya. A je da rana a gaida mai unguwa, a sanar da 'yan sintiri. Takalmi sau-ciki ga kowa saboda kunama da maciji, ciyawa ba ta gama bushewa ba a lokacin.

Malamin Fiziks, Samaru: A zo da kujera 'yar tsugunno don ƙanana su kai. A ja musu kunne kada a riƙe madubin, taɓawa kaɗan abin ya ɓace, ga juyawar duniya ma na fitar da shi cikin minti ɗaya ko biyu. Kuma ko da wasa kada wani ya saita shi ga rana, yana makantarwa nan take.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tabarmi da shayi na wuyana. Ɗan Wusasa, ranar Asabar bayan la'asar za ka iya raka maigidana wurin mai unguwa?

Ɗan Wusasa: In sha Allahu, Hajiya. Ya same ni a bakin titi.