Muhawara: Soke shiri bayan fitowa biyar, cin amana ne ko ciniki?

Ɗan Kallo: Jama'a ku taya ni jin wannan rashin imani. Sabon shirin nan na Amurka da nake ta ba ku labari tun watan Satumba, yau na wayi gari an soke shi. Fitowa biyar kacal aka nuna. Biyar! An bar mu ba mu san wanda ya kashe alƙalin ba, ba mu san ko da hannun matarsa ba. Ni dai na ce gidajen talabijin ɗin nan ba su da haƙuri, da sun ƙara masa wata biyu da ya tsaya da ƙafarsa. Wannan cin amana ne, wanda ya ce ba haka ba ne ya fito.

Sarkin Musu: Na fito. Wace amanar ka ba su ajiya? Yaushe, a gaban wa?

Auta: An fara.

Sarkin Musu: Ba a fara komai ba, tambaya na yi. Amana ita ce ka damƙa wa mutum abinka ya riƙe maka. Shi me ya damƙa musu? Ko sisi bai biya ba.

Ɗan Kallo: Lokacina na ba su, Malam. Awa biyar na rayuwata, ban da tunanin da nake kwana da shi. In mutum ya fara ba ka labari ya ja ka har tsakiya sannan ya tashi ya kaɗe riga, me sunan wannan?

Sarkin Musu: Rashin kirki. Saɓa alkawari ma in ka matsa. Amana dai a'a.

Uwar Biyu: Ai alkawari ma amana ne, ɗan'uwa. Kada ka mai da mu yara.

Sarkin Musu: Hajiya, ko alkawarin ma wa suka yi wa? Nuna mini inda suka rubuta za su kai labarin ƙarshe.

Mai Lissafi: Ku bari in shigo, don gardamar taku ta tsaya a kan wanda ba ya cikin cinikin. In akwai amana a wannan harka, tsakanin tasha ne da masu talla. Duk watan Mayu manyan tashoshin Amurka suna tara kamfanonin talla a New York su nuna musu shirye-shiryen da za su fara a Satumba, su sayar da mafi yawan guraben tallan tun shirin bai fito ba. Kuma da sharaɗi ake sayarwa: mun lamunce maka mutum kaza za su ga tallarka. In shiri ya fito mutane ba su kai ba, tasha ce za ta biya diyya, ta ba mai tallan wasu gurabe kyauta, guraben da da ta sayar wa wani. To duk makon da shirin naka ya ƙara a wannan lokacin, bashi ne yake ƙaruwa a kansu. Ga kuɗin haɗa kowace fitowa, da yake kai miliyoyin dala a shirin awa guda. Wata biyun da kake cewa a ƙara masa, wani ne zai biya.

Ɗan Kallo: To mu masu kallo mene ne matsayinmu?

Mai Lissafi: Mu ne hajar da ake sayarwa.

Auta: Subhanallahi. Yanzu Yaya Ɗan Kallo haja ne?

Sarkin Musu: Ka ji ko? Haja kuma ba ta kai ƙarar cin amana.

Uwar Biyu: Ko dabba ce ka ɗaure tana da hakki a kanka, balle mutum. Ni ban yarda don wani ya biya kuɗi shi kaɗai ne mai hakki ba.

Ɗan Kallo: Kuma ma wa ya ce mutane ba su kai ba? Duk inda ka leƙa a intanet zancen shirin ake yi. Wa ya ƙirga? Ni dai ba wanda ya taɓa tambayata.

Mai Lissafi: Kamfanin Nielsen ne yake ƙirgawa, tun 1950 yake wannan aikin a talabijin. Ba gida-gida yake bi ba. Amurka tana da gidaje masu talabijin sama da miliyan 120, shi kuma ya daɗe yana dogara da gidaje kimanin 40,000 da ya zaɓo ya sa musu na'ura. Ka ga kowane gida yana tsaya wa kusan gida 3,000 ke nan. Na'urar tana rubuta tashar da aka kunna, mutanen gidan kuma kowa yana da maɓallinsa da zai danna a san shi ne a zaune. Yanzu suna haɗawa da bayanan akwatunan kebul da talabijin masu intanet, amma tushen ke nan.

Auta: Gida 40,000 su yanke wa mutum miliyan ɗari uku hukunci? Wannan ai shi ne babban cin amanar.

Mai Lissafi: Ƙanina, in likita zai gwada jininka, ɗan kaɗan yake ɗiba ko duka yake zuƙewa?

Auta: Jini iri ɗaya ne a jiki, mutane ba iri ɗaya ba ne.

Sarkin Musu: Wannan yaron yau ya yi magana mai kai, sai dai a banza. Ɗan Kallo, tsakaninka da Allah, a tashar ka kalli shirin nan ko saukewa ka yi?

Ɗan Kallo: Me ya kawo wannan?

Sarkin Musu: Amsa dai.

Ɗan Kallo: Ni a Amurka nake da zan kama tashar?

Sarkin Musu: Alhamdulillahi. Ba ka ƙasar, ba ka cikin ƙirge, talla ko ɗaya ba ka gani ba don an yanke su kafin ya iso wayarka, kuma kai ne mai kukan amana. In ana zancen wanda ya ci amanar wani, ka san inda yatsa zai nuna.

Auta: Kai kuma a ina kake kallon naka? Makon jiya wa ya roƙi a turo masa zango na uku a nan zauren?

Sarkin Musu: Ni ban ce an ci amanata ba.

Dattijo: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku. Ni abin da yaron nan ya faɗa da farko nake so a koma, cewa babu haƙuri. Da gaskiyarsa. Shirin Cheers da tashar NBC ta fara a 1982 yana can ƙasan jerin yawan masu kallo a farkonsa, aka yi haƙuri da shi, ya yi zango 11, sai 1993 ya ƙare. Seinfeld ma da ƙyar ya tsira a farko, ga shi fitowarsa ta ƙarshe a 1998 mutum miliyan 76 suka kalla. Da 'yan yanzu ne a kujerar da tuni sun yanke su.

Ɗan Kallo: Allah ya ƙara girma, Baba. Ga hujja nan.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam, Baba. Gaskiya ne, amma a lokacin Cheers NBC ce kurar baya a manyan tashoshi uku, ba ta da wani abin kirki da za ta sa a gurbinsa, ga shi yana cin kyaututtuka. Haƙurin wanda ba shi da zaɓi ne. Kuma biyu ka kawo, waɗanda aka yi haƙuri da su suka ƙi tashi ba wanda yake tuna sunansu. Sannan ba yawan kai kawai ake dubawa ba. Abin da masu talla suka fi biya da tsada shi ne masu shekara 18 zuwa 49. Shiri yana iya tara jama'a, in yawancinsu sun haura 49 a soke shi, a bar wanda bai kai shi jama'a ba.

Dattijo: Ban gane ba. Wanda ya haura 49 fa?

Mai Lissafi: Ana ƙirga shi, amma kallonsa ba shi da tsada. Hujjar masu talla ita ce ya riga ya saba da kayan da yake saye ba ya canzawa, kuma kullum yana gaban talabijin, samunsa ba wuya. Matashi ne yake wuyar kamu. A 1971 tashar CBS ta share jerin shirye-shiryenta na rayuwar karkara, wasu suna da jama'a sosai, don masu kallonsu dattawa ne da mutanen ƙauye.

Dattijo: Wato ni da nake da 58, ni da na sayi talabijin ɗin, ni da nake biyan kuɗin wuta, ɗana da yake cin nawa ya fi ni daraja?

Sarkin Musu: Baba, a wajen masu talla kawai. A wajenmu kana nan daram.

Dattijo: Kai kuma ka yi mini shiru. Kai ma shekara nawa ta rage maka?

Uwar Biyu: Baba rabu da shi, ya kusa. Bana ko baɗi.

Sarkin Musu: Hajiya, in aka buɗe zancen shekaru a zauren nan ba ni zan fara gudu ba.

Uwar Biyu: Me kake nufi? Fito fili.

Shugaban Zaure: A bar zancen shekaru don Allah.

Uwar Biyu: A'a Shugaba, ya faɗi abin da yake nufi. Kullum haka yake yi, ya jefa magana ya ɓuya. Ranar nan ma haka ya yi mini a kan shirin likitocin nan.

Auta: Ni shaida ne.

Sarkin Musu: Kai dama ko Ɗan Kallo ya ce rana daga yamma take fitowa shaida za ka yi.

Ɗan Kallo: Ku dawo kan magana. Mai Lissafi, ka yarda akwai lokacin da tasha ce take kashe shiri da hannunta ko ba ka yarda ba? Firefly fa? A 2002 tashar Fox ta sa shi daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida, ta nuna shi a hargitse ba a jere ba, an haɗa fitowa 14 ta nuna 11 ta rufe. Ka ɗaure wa mutum ƙafa ka ce bai yi gudu ba. In wannan ba cin amana ba ne, mene ne?

Mai Lissafi: Wannan na yarda sakaci ne. Akwai ma abin da ya fi shi. A al'ada fitowa 13 ake fara saye, in shiri ya yi kyau a ƙara 9 su cika 22. In tashar ce ta mallaki kamfanin da ya haɗa shirin, tana iya jan shirin ko da ba ya tara jama'a sosai har ya kusanci fitowa 100, don a nan ake sayar da maimaici ga wasu tashoshi da ƙasashen waje, ribar ta dawo gida. In na wani kamfani ne, me zai sa ta yi wa wani kiwo? Shiri biyu masu jama'a ɗaya, ɗan gida ya tsira, baƙo ya tafi.

Ɗan Kallo: Kun ji! Ya amsa da bakinsa!

Mai Lissafi: Sakaci na ce, da son kai. Ban ce amana ba.

Uwar Biyu: Son kai da cin amana ai uwarsu ɗaya.

Auta: Yaya mu yi musu gangami kawai. A 2007 da CBS ta soke Jericho masoyansa gyaɗa suka dinga aika wa ofishin tashar, wajen tan 20, dole aka dawo da shi.

Sarkin Musu: Ƙarasa labarin mana. Fitowa 7 aka ƙara, jama'ar ba su ƙaru ba, a 2008 aka sake soke shi. Asarar gyaɗa.

Dattijo: Masu aika gyaɗar nan ina fata dai ba su haura 49 ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da muka cim ma: an tabbatar da cewa abin da aka yi wa ɗan'uwanmu Ɗan Kallo cin amana ne, kamar yadda mafi yawanmu muka gani tun farko. Shi kansa Mai Lissafi, bayan dogayen bayanansa, ya dawo ya yarda tashoshin suna da sakaci da son kai. Baba ya kawo hujjoji biyu da ba a iya tunkuɗewa ba. An kuma gano cewa gidaje 40,000 ne kawai suke yi wa duniya zaɓi, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya jayayya a kan kalma, kuma duk mun san halinsa. Yana da bashin ban haƙuri ga Hajiya kafin gobe.

Mai Lissafi: Shugaba, ban dawo ko'ina ba, kuma na amsa hujjojin Baba. A hau sama a karanta.

Sarkin Musu: Mafi yawa? Ku huɗu ne har da kai, kai kuma ba ka ce uffan a kan amanar ba sai yanzu. Kuma har aka rufe ba wanda ya faɗi abin da ya ba su ajiya.

Ɗan Kallo: Wai cikinku ba wanda ya san wanda ya kashe alƙalin?