Wa ke duba lafiyar Dam ɗin Tiga?

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga duk wanda ya san aikin madatsun ruwa, kuma don Allah kada a ɗauka neman tayar wa jama'a da hankali nake yi.

Ni manomi ne a yankin Kadawa, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Ruwan da muke ba amfanin gona duk daga Tiga yake biyo kanal ya iso mana. Marigayi mahaifina yana cikin leburorin da suka yi aikin dam ɗin zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974. To ku lissafa, ya haura shekara 50. Kuma ba kankare ba ne. Ƙasa ce aka tara aka daddanne, tsawon wajen kilomita 6, ita ke tare da wannan uban ruwa.

Tun ambaliyar da ta sami Maiduguri a Satumbar 2024 bayan Dam ɗin Alau ya ɓalle, duk daren da aka kwana ana tafka ruwa a watan Agusta uwargida ba ta runtsawa. Ni ma ƙarfin hali ne kawai irin na maigida. Kogin nan da ya fito daga Tiga shi ya bi ta Tamburawa, inda ake tace wa birnin Kano ruwan famfo, ya haɗe da Challawa, ya nufi Wudil har Haɗeja. Garuruwan da ke kwance a ƙasansa Allah kaɗai ya san adadinsu.

Shin alhakin wa ne duba lafiyarsa? Me ake dubawa? In kuma an ga matsala da tsakar dare, wa zai sanar da mu, ta wace hanya?

Dattijon Bebeji:

Wa alaikumus salam. Yaro, tambayarka tana kan hanya. Mu nan ba sai mun je Borno neman misali ba. A Agustan 1988 Dam ɗin Bagauda ya ɓalle, nan kusa da inda makarantar horas da lauyoyi take yanzu. Ina da aure da 'ya'ya a lokacin. Washegari na ga dawa mai tsayi har kafaɗa ta kwanta cikin laka kamar an bi ta da abin daɓe, ga tumakin mutane a saƙale jikin itatuwa. Bagauda kuwa in aka jera shi da Tiga ƙaramin alhaki ne. Allah ya kiyaye mu.

Injiniya Mai Ritaya:

Amin, Baba. Malam manomi, bari in amsa maka gwargwadon abin da na yi aiki a kai, ko da yake ba a Kano na yi ba.

Tiga yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya, kamar yadda Alau yake hannun Hukumar Raya Tafkin Chadi. A ma'aikatar akwai sashe na musamman mai kula da madatsu. Wasu madatsun kuma na jihohi ne. Abin da ya daɗe yana damuna da tsarin namu shi ne mai dam shi ne mai duba dam ɗinsa, shi ne mai rubuta rahoto, shi ne kuma mai ajiye rahoton. Ko da ma'aikatan masu gaskiya ne, kuma na zauna da irinsu da yawa, wanda ke zaune a ƙasan dam ba ya ganin takardar.

Shekaru kaɗai ba sa kayar da dam ɗin ƙasa. Kowane irinsa yana tsattsafo da ruwa kaɗan ta gindi, an san da haka tun wajen zane, har magudana ake yi masa. Abin lura shi ne launin ruwan. In garau yake fitowa kuma yawansa bai sauya ba, babu damuwa. Ranar da ya fara fitowa da jar ƙasa, to cikin ganuwar ne yake zaizayewa, ramin yana faɗaɗa daga ciki alhali sama lafiya lau. Shi ya sa ake binne wasu bututu a jikin ganuwar don auna yadda ruwa ya hau a cikinta. Sai dai bututu ba ya karanta kansa. Dole a sami mutum da zai taka ya je da littafi, damina da rani, a sami kuma wanda zai zauna ya kwatanta lambar bana da ta bara.

Bayan wannan akwai abubuwan da kai ma idonka zai gane maka: bishiya ta girma a jikin ganuwa (saiwarta in ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya), suri, ramin gafiya, tsagewa a saman ganuwa, wuri ya lotsa, ciyawa ta yi shar a wuri ɗaya da tsakiyar rani. Mu ma jama'a muna da namu laifin. Akwai masu kwashe duwatsun da aka jera don kare ganuwa daga igiyar ruwa su kai ginin gida, akwai masu haƙar yashi a gindi.

Sai ƙofofi da mafitar rarar ruwa. A Gusau, ƙarshen Satumbar 2006, ƙofofin ne suka ƙi buɗuwa lokacin da ake buƙatarsu, ruwa ya fi ƙarfin madatsar, aka yi asarar rayuka. Ƙofar da ba a gwada ta da rani, ba a shafa mata giris, kada a sa ran za ta amsa kira da damina.

Game da Tiga kansa, akwai abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. A 1992 an rage tsayin mafitar rarar ruwansa saboda shakkar ƙarfin ganuwar, don kada ya riƙa cika kamar da. Daga kusan kubik mita biliyan 2 ya koma ƙasa da biliyan 1.5. An yi asarar ruwan noma, amma an rage wa ganuwa nauyi. Wannan shawara ce ta mutanen da suka duba suka faɗi gaskiya. Daga baya kuma shirin TRIMING na inganta noman rani, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya haɗa da gyaran madatsun wannan yankin. Amma gyara abu ne na lokaci ɗaya, dubawa kuwa aikin kowane mako ne.

'Yar Gwange:

Sannu Injiniya, Allah ya saka. Ni dai ƙarshen tambayar Malam ce ta taɓa ni, wato wa zai sanar da ku. Daren 9 wayewar 10 ga Satumbar 2024 muna unguwar Gwange a Maiduguri. Kwana da kwanaki ana ta ce-ce-ku-ce cewa Alau ya cika maƙil, wannan ya ce a tashi, wancan ya ce ƙarya ce. Tsofaffinmu sun ga ambaliyar 1994, suka ce iyakarta gwiwa a gidanmu. Ihun maƙwabta ne ya tashe mu. Kafin in goya ƙaramar in laluba takardun makarantar yara, ruwa ya kai min ƙugu. Ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi bai bari ba.

A 2025 an ware naira biliyan 80 don sake gina dam ɗin, mun gode Allah. Amma ku da abin bai same ku ba, tun yau ku san tudun da za ku nufa da hanyar da za ku bi cikin duhu. Takardu a ƙulle a leda, a rataye sama.

Ɗan Kura:

Ni fa Injiniya ban gamsu ba. Hukumar NIHSA mai lura da koguna da ruwayen Najeriya tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, ana karanto sunayen ƙananan hukumomi a rediyo. Me zai hana a riƙa karanto lafiyar kowane dam haka nan? Ko gudun kada mu firgita ne? Ai rashin sanin ya fi firgitarwa.

Injiniya Mai Ritaya:

Ɗana, ba ni da ja a kan wannan. Hasashen NIHSA na cikar koguna da ambaliya ne, bai shafi cikin ganuwa ba. Babu abin da ya hana a haɗa biyun.

Manomin Kadawa:

Na gode Baba, na gode Injiniya. Hajiya, Allah ya mayar muku da alheri. Ranar Asabar muna da taron ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenmu, zan kawo maganar mu rubuta takarda ta hannun hakimi: yaushe aka yi duba na ƙarshe, yaushe aka gwada ƙofofi, kuma lambar wa mai unguwa zai kira da dare. Injiniya, in akwai abin da ya kamata mu ƙara a takardar, a taimaka a rubuto kafin Juma'a.