Lens ko kyamara, wanne zan fara saya?

Auwalu: Assalamu alaikum manyana, ina neman shawara. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da Canon 700D da ɗan lens ɗin da ta zo da shi, 18-55, mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55. Yanzu an haɗa ni da wata ƙungiyar ƙwallo suna so in riƙa ɗaukar musu wasa, wata mai kamawa kuma akwai wasan mawaƙa a wani ɗakin taro da aka ce in zo. Ranar Lahadi na gwada a filin unguwarmu. Wallahi cikin hoto kusan ɗari uku, waɗanda zan iya nuna wa mutane ba su kai goma ba. 'Yan wasa sun fito ƙanana kamar tururuwa, waɗanda suka matso kusa kuma ƙafafunsu duk sun narke. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su saya, ko kyamara ko lens. Wanne zan fara?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Lens za ka saya, ƙanena, kada ma ka yi shakka. Narkewar ƙafa ba laifin kyamara ba ne, shota ce, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe lokacin ɗauka, ta yi jinkiri. Mai gudu da ƙwallo ba ya tsayuwa a hoto sai saurin shotarka ya kai 1/1000 na daƙiƙa. Lens ɗinka idan ka zuƙo shi zuwa 55 yana komawa f/5.6, hasken da yake shigarwa kaɗan ne, domin in lambar f ta ƙaru, ramin da haske ke shiga tsukewa yake. Nemi 70-200 f/2.8. Tsakanin f/5.6 da f/2.8 haske ninki huɗu ne, ma'ana inda kake samun 1/250 za ka samu 1/1000 ba ka taɓa ISO ba, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske. Ga shi kyamararka ƙaramar sensa gare ta, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, tana ninka tsawon lens sau 1.6, don haka 200 ɗin zai yi maka kamar 320.

Ɗan Zariya: Malam, a gafarce ni, amma a ƙwallo 200 ya yi gajere. Tsawon fili mita 105 ne. Kana bayan wannan raga ana rikici a waccan, me za ka samu? Ni Sigma 150-600 nake riƙewa, daga inda nake zaune ina ganin gumin golan can ƙarshen fili. Kuma wasannin firimiyarmu yawanci ƙarfe huɗu ake take su, rana na nan.

Malam Habibu: Rana na nan kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ka tuna filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a watan Disamba, biyar da rabi, hazo ya rufe gari, inuwar rumfa ta cinye fili. A 600 lens ɗinka f/6.3 yake. Nan za ka tura ISO har hoto ya yi yashi, kuma a daidai lokacin ne wasa ke zafi, ana neman farke ƙwallo. Na sha ganin Pillars ta ci a mintunan ƙarshe, jama'a na ta Sai Masu Gida, na kusa da ni yana ta duba bayan kyamara ransa a ɓace. Sannan yaron nan ya ce yana da wasan mawaƙa. Wa zai shiga ɗakin taro da 150-600?

Ɗan Zariya: Wannan kam gaskiya ne, a ɗaki ba shi da amfani. Tunda abu ɗaya zai saya na yarda. Amma Auwalu, in ka samu sarari nan gaba ka tuna da dogon lens, musamman in za ka shiga folo a Kaduna ko hawan sallah. Doki ba ya jiran ka matso, kai ma ba ka so ya matso maka.

Auwalu: To Malam, ya zan yi da waccan ragar?

Malam Habibu: Ka bar ta. Zauna ƙasa a bayan layin ragar da ƙungiyarka ke kai wa hari, tsakanin raga da tutar kwana, rana a bayanka in zai yiwu. Rabin fili ya ishe ka. Daga ƙasa ɗan wasa yake fitowa da kwarjini, in ka tsaya a tsaye ciyawa ce za ta cika hoton. Sa fokas a AI Servo, tsarin da ke bin abu mai motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya kaɗai, ka ɗora shi a ƙirjin ɗan wasa ka bi shi. In an ci ƙwallo kada ka sauke kyamara ka duba, murnar da ke biyo baya ita ce hoton da ƙungiya za ta fi so. Wani abu kuma: ba dole sai mai IS ba, wato tsarin da ke rage rawar hannu. Tsohon Canon 70-200 f/2.8L wanda ba shi da IS ya fi araha sosai a na hannu, kuma a 1/1000 rawar hannu ba ta damun ka. 70-200 na Tamron, G2, shi ma yana da kyau in ka same shi da lafiyarsa.

Maman Hanifa: Bari in sa baki a na mawaƙan, tunda nan ne aikina. Auwalu, ko da ka sayi 70-200, ka ƙara ɗan abin da ya rage ka ɗauki 50mm f/1.8. Babu lens mai araha irinsa, kuma shi ne ya sha fitar da ni kunya a ɗakin da fitilu ba su wuce huɗu ba. Kada ka bar kyamara ta auna haske da kanta, duhun bayan dandamali zai ruɗe ta ta ƙona fuskar mawaƙin. Koma M, inda kai ne ke saita komai da hannunka, ka auna a fuska, ka fara da 1/250, in mai yawan tsalle ne 1/500. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara daga baya. Jar fitila ita ce babbar matsala: tana shafe fatar mutum ta zama kamar an shafa fenti, babu ido babu hanci. In ka ga ja ta mamaye, dakata, fitilun juyawa suke, farar za ta dawo.

Maman Hanifa: Sai maganar makirfo. Yawancin hotunan sabon shiga za ka ga makirfo ya rufe baki. Kada ka tsaya a tsakiya, ja gefe. Ka saurari waƙar da kunnenka: a ƙarshen baiti, lokacin da 'yan amshi suka karɓa, mawaƙi yakan janye makirfo ya ja numfashi, ya kalli jama'a, wani lokaci ya ɗaga hannu. Wannan daƙiƙar nake jira. Akwai daren da na samu wani dattijon makaɗi a haka, kalangu a hammata, ido a rufe, gumi na ɗiga daga haɓarsa, fitila ɗaya daga baya ta zagaye hularsa. Har yau shi ne hoton da na fi so a duk aikina, da 50mm ɗin nan na ɗauka, ISO 3200.

Auwalu: Anti, filasha fa? Da ita na saba a biki.

Maman Hanifa: Bar ta a jaka. Tana kashe launin fitilun dandamali, kuma tana shiga idon mai waƙa. A manyan wasanni na Turai da Amurka ƙa'idar da aka saba ita ce waƙa uku na farko, babu filasha, sannan a fitar da masu hoto. Mu nan ana barin mu har a tashi, to mu riƙe mutuncinmu. Don Allah kuma ka sayi abin toshe kunne. Na taɓa tsayuwa awa uku a gindin sifika, kwana biyu kunnena na hagu yana ƙara, tun daga ranar ban sake zuwa babu shi ba.

Sadiku: Ni da Sony a7 III nake aiki, a duhu tana da haƙuri ƙwarai, ISO 6400 ba ya ba ni tsoro. Abin da zan ƙara ga masu kyamara marar madubi irin tawa: in kun kunna shota marar ƙara a ƙarƙashin fitilun LED za ku ga ratsi-ratsi a hoto kamar tabarma. Fitilun ƙiftawa suke da saurin da ido ba ya gani, sensa kuma layi-layi take karantawa. Ku koma shota ta asali, yawanci abin yana raguwa sosai. Auwalu, in lokacin canza kyamara ya zo, Canon 7D Mark II ta hannu za ta yi maka: hoto 10 a daƙiƙa, ɗigon fokas 65, ga tsarin da ke kauce wa ƙiftawar fitila. Ko ka tsallaka Canon R6 marar madubi da adafta, lens ɗin EF ɗinka, wato irin wanda ke hawa kyamararka ta yanzu, zai ci gaba da aiki. Ka ga kuɗin lens ba su faɗi ƙasa ba.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kokowa ce aikinmu, musamman lokacin gasar takobi. Nikon D500 nake riƙewa da 70-200, fokas ɗinta ba ya sakin mutum. Amma abokin gabarmu ƙura ne. In kaye ya zo, rairayi yana tashi har kan kyamara, jama'a su ruɗe su ƙara tayar da wata. Ban taɓa cire lens a fili ba, ko sau ɗaya. Ina naɗe shi da tsohon rawani, in na koma gida in fara hura shi da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa gilashin. Wanda ya goge da ƙura a kai ya karce abinsa da hannunsa. Ku na Kano da hunturu ku ma haka.

Sadiku: Tunda na hannu zai saya, a gaya masa yadda ake dubawa. Na taɓa sayen wani lens a wurin wani mutum da magariba, ina sauri. Washegari na haska shi na ga fumfuna a ciki kamar saƙar gizo, gyaran ya ci kusan rabin kuɗin sayen. Ka je da rana. Cire murfi gaba da baya, haska fitilar waya ta ciki. Juya zoben zuƙowa ka ji ko yana cijewa. Ɗora shi a kyamararka, ka fita bakin titi, ka bi adaidaita sahu mai tahowa a f/2.8 ka ɗauki goma a jere, ka faɗaɗa ka duba lambar. In mai kaya ya ƙi yarda ka gwada, ka yi masa sallama.

Auwalu: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na tsayar da shawara: 70-200 f/2.8 na hannu, in canji ya ragu in haɗa da 50mm. Abin da nake tsoro kawai nauyi, an ce ya kusa kilo ɗaya da rabi.

Malam Habibu: Haka yake, minti casa'in a hannu ba wasa ba ne. Kafin ka biya ko sisi, zo ranar Lahadi ka riƙe nawa ka ji. Ka same ni a Ƙofar Mata ƙarfe uku, mu yi la'asar a nan kusa mu shiga da wuri. Zan ba ka shi a zagaye na biyu, lokacin da haske ya fara janyewa, da sandata ta ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya. Ka taho da batir biyu a cike, katin memori wanda babu komai a kai, da ƙaramar kujera ta tsuguno.

Auwalu: In sha Allahu ƙarfe uku ina ƙofa, Malam.