Wanda ya taɓa zama da mai ciwon baifola ya zo ya faɗa mana

Yayar gida:
Salam 'yan uwa. Ƙanena ne likita yace yana da baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum wani lokaci ya haura sama wani lokaci ya faɗa cikin damuwa, shekararsa 22. Abinda muka gani dai, ya daina bacci sai awa biyu kuma ya tashi garau ba gajiya, magana kamar rediyo ba mai iya katse shi, ya saida mashin ɗinsa wai zai fara shigo da kaya daga Chana, har yace wa Baba shi Allah ya zaɓa ya gyara Najeriya. Bayan ɗan lokaci kuma ya shige ɗaki, ko wanka sai an yi da gaske. Gida an rabu biyu, Hajiya tace iska ce, Baba yace ƙwaya yake sha. Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Mai lalurar:
Yaya ni da kaina nake fama da shi. Abin da mutane basu gane ba, lokacin da abin ya hau sama daɗi muke ji wlh, ji nake ba wanda ya kai ni basira, na raba kuɗin jarina a kasuwa mutane suna ta sa min albarka suna cewa Allah ya buɗa masa. Ba wanda ya kai ni asibiti a lokacin, sai da na faɗo ƙasa na daina cin abinci ina tunanin gara in mutu. Likita yace in tashin ya kai sati ɗaya a jere, ko damuwar ta kai sati biyu, to ba halin mutum bane, ciwo ne. Ku sa ido kan baccinsa, ni duk sanda zai dawo min ta bacci yake fara sallama. In kun ji ya fara zancen mutuwa kar ku bar shi shi kaɗai, asibiti a ranar.

Maman biyu:
Ni bayan haihuwa nawa ya tashi, kwana uku da haihuwa na fara share gida tsakar dare ina waƙa, dangin miji sukace mayu ne suka kama ni. Kafin nan na daɗe da ciwon damuwa, wani mai kemis ya bani amitriptyline ba tare da ganin likita ba, ashe maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya haura sama. Mata ku kula da sodium valproate, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba masu baifola, in kina shirin ɗaukar ciki ki faɗa wa likita tun da wuri dan yana illa ga jariri.

Wani malami:
Hajiya bata yi laifi ba, haka muka taso. Ni ina ruƙiyya amma in aka kawo min irin wannan cewa nake a tafi asibiti, addu'a kuma a ci gaba. Abinda bana yarda da shi shine ɗaure mutum da mari ko dukansa wai ana fitar da aljani.

Nas:
Baba ma yana da ɗan gaskiya, wiwi da tramol suna iya tayar da shi ko su ƙara masa ƙarfi, amma da yawa ko sigari basu taɓa sha ba, yana bin jini ne, ku bincika dangi zaku iya tuna wani kawu da akace yana da taɓi. Yawanci a irin shekarun ƙanenki yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum kusan miliyan 40 ke da shi, ba ku kaɗai bane. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, a Kano kuma Dawanau da sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano. In maganin lithium aka bashi dole ana gwajin jini lokaci lokaci saboda yana iya taɓa ƙoda da thyroid (wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo), kuma ƙishirwa mai tsanani tana sa maganin ya taru a jini, so kafin azumi ya koma wajen likita a tsara masa.

Matar mai ciwon:
Babban yaƙin shine ranar da ya warware. Maigidana da ya ji sauƙi sai yace ya warke, maganin yana sa shi ƙiba da nauyin jiki, ya ajiye a ɓoye, kafin mu ankara ya ci bashin da har yau muke biya. Yanzu ATM ɗinsa yana hannuna da yardarsa, mun yi yarjejeniya tun yana lafiya cewa in ya kwana biyu bai yi bacci ba zan kira yayansa ba tare da shawara da shi ba.

Yayar gida:
Na gode sosai, Allah ya saka. Zan karanta wa Hajiya na malam tukuna. Nas, olanzapine aka bashi, yanzu kuma bacci yake har azahar, haka abin yake ko mu koma?

Nas:
Yana sa bacci da yawan ci musamman da farko. Kar ku rage da kanku, ku koma ku faɗa wa likitan ya duba ko zai canza lokacin sha ko yawansa.