Ana yi wa ƙanina barazana da zargin luwaɗi, ta ina za mu fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanina ɗan shekara 24 ne, gyaran waya yake yi a kasuwa nan Kaduna. Wasu samari sun ce suna da hoton hirarsa da wani namiji a WhatsApp, in bai ba su kuɗi ba za su watsa a Facebook, su kai wa mai unguwa, su kira 'yan sanda. Ya tura musu, yanzu sun ninka kuɗin. Ya rantse haɗa hirar aka yi. Mahaifiyarmu na da hawan jini, ba mu gaya mata ba. Kawu ya ce a tura shi Kamaru ko Gana wajen dangi har ƙura ta lafa. Me doka ta ce? Mu biya, mu je wajen 'yan sanda, ko ya bar ƙasar?

Barista, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada a sake tura ko sisi. Kuɗin farko ne ya nuna musu akwai tsoro a gidan, shi ya sa suka ninka, kuma masu wannan sana'a ba sa goge komai don an biya su.

Dokar da ake ta ambato ita ce ta hana auren jinsi, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya tsaya shaida, da mai kafa ƙungiyarsu ko shiga cikinta, da mai nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Aikin luwaɗin kansa kuwa Final Kod, wato kundin dokokin laifuka, ne ya hana. Sashe na 284 na tsohon kundin Arewa ya kai shekara 14, kuma kundin da Kaduna ta yi wa kanta a 2017 bai cire laifin ba. Musulmi ana iya kai shi kotun shari'a. Ba ƙaramar tuhuma ba ce. Sai dai kotu hujja take nema, ba ji-ta-ji-ta ba, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Hoton hira duk yaron da ya iya waya zai haɗa shi. Kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga waya ko kwamfuta sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011.

Su kuma abin da suke yi ƙwace ne ta hanyar barazana, laifi ne a Final Kod da dokar laifukan intanet ta 2015, ko zargin nasu gaskiya ne ko ƙarya. Wannan shi ne abin da yawancin iyalai ba su sani ba.

Yau ɗin nan: kada ya goge saƙonsu ko ɗaya. A ɗauki hoton kowanne yadda lamba da rana da lokaci za su fito, a tura wata wayar, a ajiye muryoyin da suka aiko da rasit ɗin kuɗin da ya tura. Ya daina ba su amsa, kada ya roƙe su, kada ya zage su. In sun ce ya zo a sasanta kada ya je, a irin wurin nan ake tsare mutum a doke shi a ɗauki bidiyonsa yana faɗin abin da aka tilasta masa. Sannan ku ga lauya kafin kowa, shi da lauyan su kaɗai a ɗaki, ya gaya masa duk abin da ke cikin wayar. Sirrin da ke tsakaninsu doka ta kare shi, kuma babu dokar da ta tilasta miki ko Kawu kai rahoton ɗan'uwanku.

Wani ɗan'uwa daga Rigasa:
Barista me ya kawo ɓata lokaci? In yaron na da gaskiya su wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa kawai.

Barista, Unguwar Rimi:
Malam, ba na ba da wannan shawara. Da zarar an ambaci kalmar luwaɗi a kantar 'yan sanda, bincike na iya juyowa kan mai ƙorafi, a karɓe wayarsa, kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a kan ƙwacen kawai, ya haɗa da rasit da lambobin, kuma ya raka shi ranar ba da bayani. A 2017 an kama mutum 53 a Zariya kan zargin bikin auren jinsi, aka gurfanar da su da haɗa baki da taro ba bisa ƙa'ida ba da shiga haramtacciyar ƙungiya. Sau da yawa kamun da fallasar su ne ke rusa mutum tun kafin alƙali ya ce uffan.

In aka kama shi: sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har lauyansa ya zo, kuma dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta duka don a samu ikirari, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. In babu kuɗin lauya, hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofis a Kaduna.

Ma'aikaciyar banki, Kakuri:
Ƙari a kan rasit. Sunan mai asusun yana jiki, kuma asusun na haɗe da BVN. Ya je bankinsa ya cike takardar ƙorafi da lambar cinikin, ya karɓi kwafi mai hatimi. Banki ba zai ba ku bayanan mai asusun ba, hukuma yake ba wa in ta nema a rubuce. Sau da yawa asusun mai POS suke bayarwa su karɓi tsaba, don haka a rubuta ainihin lokacin da kuɗin ya shiga, da shi ake tambayar mai POS ɗin wa ya karɓa.

Malam, Tudun Wada:
'Yata, Allah ya kawo mafita. Hukuncin aikin a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, haramun ne kuma babban zunubi. Amma shari'ar da ta tsananta hukuncin ita ta tsananta hujjar. A mazhabar Malikiyya sai da shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu, ko ikirarin mutum da kansa ba tare da tilas ba, kuma yana iya janye shi. Wanda ya jefi Musulmi kamili da wannan kalma bai kawo shaidu huɗu ba, shi ke da haddin ƙazafi, bulala 80. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ambaci wannan jifa da sunansa. Leƙen asirin mutane kuwa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana. Zartar da haddi aikin alƙali ne, ba na samarin layi ba, kuma kuɗin da suke karɓa haram suke ci.

Shawarata a sami dattijo ɗaya mai riƙe sirri ya ga mai unguwa da liman tun kafin yaran su je, ya ce musu ana yi wa yaronmu ƙwace, magana na hannun lauya. Wanda ya fara isa da magana shi ake saurara. Kada a tara dangi a titsiye yaron da rantsuwa. In ma yana da abin da yake ɓoyewa, nasiha a keɓe ake yi.

Malamar jami'a, Zariya:
A kan shawarar Kawu. Kamaru ta haramta luwaɗi, ɗauri har shekara 5. Gana ma tana da tsohuwar doka a kai, kuma a Fabrairun 2024 majalisarta ta zartar da ƙudiri mai tsauri, sai dai shugaban ƙasar na lokacin, Akufo-Addo, ya sauka bai sa hannu ba. Chadi ta haramta a 2017, Mali a 2024. Fiye da rabin ƙasashen Afirka 54 suna hukunta shi, Yuganda ma ta kai ga hukuncin kisa a wasu nau'o'in a dokarta ta 2023. Inda aka sassauta yawanci kudancin Afirka ne: Afirka ta Kudu ta halatta auren tun 2006, Mozambik ta cire laifin a 2015, kotun Botswana a 2019, Angola a 2021. Doka daban, ra'ayin jama'a daban: a binciken cibiyar Pew na 2019, kashi 7 cikin ɗari ne a Najeriya suka ce a amince da masu yi, Kenya 14, Afirka ta Kudu 54. Wannan kashi 7 ɗin shi masu ƙwace suka dogara da shi, ba kotu ba. Tafiyar ba za ta hana su watsawa ba tunda a waya abin yake, kuma a unguwa za a ɗauke ta a matsayin amsa laifi. In ana tsoron a far masa, ya koma gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa nan cikin gari, inda lauya zai same shi.

Nas, Barnawa:
Yaya, ku sa ido a kansa. In ya daina cin abinci, ba ya barci, ya kulle kansa a ɗaki, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ɓera da fiya-fiya da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kawo shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Barnawa. Ba sai an faɗi zargin a wajen yankar kati ba, ku ce damuwa da rashin barci. Mama kuma a tabbatar tana shan maganinta, a auna jininta, sannan ke ki gaya mata da bakinki cewa 'yan damfara ne suka sa shi gaba kuma an ɗauki lauya, kafin ta ji a bakin maƙwabta.